Karo a Ƙarƙashin Rairai

Ranar da motar karo, wato tayil na daɓen ƙasa, ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji Ibrah, hadari ya haɗu ta gabas tun da hantsi, ya yi baƙi ƙirin bisa duwatsun Filinge, har mata suka kwashe shanya. Iska mai sanyi ta taso ta kaɗa gero a gonaki. Aka yi ɗan yayyafi wanda bai isa jiƙa bayan jaki ba, sai gari ya washe. Shi ne ruwan ƙarshe na wannan damina. Manzo bai manta ranar ba, don a ranar ya gama tankaɗe rairan shekara.

Manzo mutumin wani ƙauye ne kusa da Bonkuku. Ya shigo Filinge a shekarar farin 1984, shi da matarsa Balkisa da jaki guda, abin da ya rage musu ke nan. Da jakin ya kama ɗebo rairai daga ƙorama yana sayar wa magina. Wata rana ya kai kaya gidan Alhaji Ibrah, babban falken shanu na wancan zamani. Alhaji da kansa ya tsoma hannu cikin mangala, ya murza, bai ji tsakuwa ba, bai ji ƙaya ba.

Ya ce, "Wa ya tankaɗe wanga?"

Manzo ya ce shi ne. Alhaji ya ce ai magina ba sa biyan kuɗin tankaɗe. Manzo ya ce ya sani, shi dai ba ya son a zage shi bayan ya tafi. Alhaji ya dube shi, sannan ya ce ya ɗaure jakin ya biyo shi.

Gidan babba ne, irin wanda baƙo yake ɓata a ciki. Zaure uku, soro mai bene, rijiya, turakun shanu, da sassan iyali waɗanda Manzo ya yi wata biyu kafin ya san iyakarsu. Amma abin da aka kai shi ya gani ƙarami ne: masallacin gida, bayan zaure na biyu, ƙarƙashin wani tsohon gawo. Ginin ƙasa ne da azarar goruba. Sahu biyu yake ɗauka, mutum bakwai-bakwai, in an matsa takwas. Ba shi da lasifika, ba na unguwa ba ne, ran Juma'a kowa babban masallaci yake tafiya. Masu gida ke salla a ciki, da ma'aikatansu, da baƙin da suka sauka daga Damana ko Abala, sai maƙwabci Malam Isufu da ke ja musu salla. Akwai 'yar taga guda ta arewa, tana duban sashen uwargida Hajiya Husaina, don mata su riƙa jin kabbara. Ƙasan masallacin kuwa ba daɓe, ba siminti, rairai ne fari.

Alhaji ya ce, "Wanga nike so ka riƙe mini."

Aka ba Manzo ɗaki a gefen zauren, kuma tun daga ranar abincinsu yake fitowa daga tukunyar gidan.

Aikin ba mai hayaniya ba ne. Bayan kowace salla Manzo zai shiga da wani ɗan katako mai faɗi, ya faro daga wurin liman yana ja da baya, yana shafe sawu da gurbin goshi, har ya fito ƙofa bai bar tafin ƙafa ko ɗaya ba. Sannan ya ɗauki ƙotar hauya ya ja layin sahu biyu. Kafin ya shafe yakan tsaya ya duba. Ya san sawun kowa. Ya san wanda ya makara ya yi sallarsa shi kaɗai a lungu, ya san baƙon da ya daɗe a sujada saboda damuwa. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya gani ba. Sau ɗaya a shekara, in ruwan ƙarshen damina ya wanke ƙorama, yakan ɗebo sabon rairai daga wani kwana da ya sani, inda ruwa ke lafawa ya ajiye mai laushi. Ya tankaɗe shi sau biyu da rariya, ya fitar da ƙarangiya da kashin awaki, ya shanya, sannan ya kwashe tsohon ya zuba sabo. Wannan aiki ya ishi Manzo. In an tambaye shi labari yakan ce lafiya lau, kuma gaskiya yake faɗi.

Bayan rasuwar Alhaji Ibrah, babban da ya rage a gidan shi ne ƙanensa, Magagi. Dattijo ne dogo mai barkwanci, ya girmi Manzo da shekara goma. A ƙuruciyarsa ya kora shanu da ƙafa har bakin teku, amma daga baya idanunsa suka rufe. Ba ya son a riƙe masa hannu. Saboda shi Manzo ya ƙara abu ɗaya a aikinsa: yakan danna ƙota ya ja wani layi mai zurfi daga bakin ƙofa, ya bi jikin bango, ya karkata ya haɗu da sahun farko ta dama. Magagi zai jingine sandarsa a waje, ya sa babban yatsan ƙafa cikin layin, ya bi shi har wurinsa, ya tsaya yana fuskantar alƙibla daidai kamar mai ido. Shekara goma sha biyu ana haka, bai rasa jam'i ba sai in zazzaɓi ya kayar da shi. Bayan la'asar su biyu sukan zauna gindin gawo da shayi. Magagi na kiransa Sarkin Rairai, yana cewa a duk ƙasar Kurfai ba sarkin da talakawansa ke taka shi da ƙafa sai shi.

To, ranar hadarin nan, rairan shekara yana tsibe jikin katanga an lulluɓe shi da tsofaffin tabarmi, jira kawai yake gobe a zuba, sai ga mota. Nafi'u ne ya fito, babban ɗan marigayi, ma'aikaci a Yamai. Mutumin kirki ne, mai son a yi abu yanzu-yanzu. Ya zo da magina biyu da kwalaye cike da bayan mota.

"Baba Manzo, ina wuni? Yaya ƙarhin jiki?"

"Lahiya lau, Alhaji. An taho lahiya?"

Nafi'u ya yage kwali ya zaro karo guda, fari fat mai ratsin kore, har fuskar mutum na fitowa a ciki.

"Masallacin Baba za mu gyara. Shekara talatin kana duƙe bisa rariya, ya isa haka. Daga yau tsumma da ruwa, ka goge ka zamna ka huta. Mi ka gani?"

Manzo ya dubi tsibin rairai. Ya dubi ƙofar ɗakin Magagi. Ga magina tsaye, ga direba, ga maƙwabta sun taru kallo. Mutum ya ɗauko sadaka tun daga Yamai saboda ubansa da ke kabari, ya tambaye ka a gaban jama'a, da wane baki za ka ce a'a?

Ya ce, "Madalla, Alhaji. Allah shi kai lada kabarin mai gida."

Da ya shiga ɗaki Balkisa ta ce, "Kai dai da madalla anka yanke maka cibiya. Ko gidan anka ce za a kife, madalla za ka ce."

Kwana huɗu magina suka gama. Manzo da kansa ya yarda abin ya yi kyau, masallacin ya yi haske kamar an ƙara masa taga. Nafi'u ya koma Yamai, ya ce darduma na nan tafe, kafin nan a shimfiɗa tabarmin roba.

A azahar ɗin farko Magagi ya jingine sanda kamar kullum, ya sa ƙafa, ya laluba da yatsa. Ba layi. Ko'ina sumul, ko'ina ɗaya. Ya yi ta maza ya shiga, tabarma ta zame ƙarƙashinsa, ya dafa bango. Da aka tada salla ya kabbarta yana fuskantar kudu maso gabas. Wani baƙo ɗan kasuwa da ke kusa da shi ya kama kafaɗunsa biyu ya juya shi, ana tsakiyar Fatiha. Washegari ya shigo da danshin alwala a ƙafa, santsi ya ɗebe shi, ya zauna daɓas a gaban kowa. Mutum uku suka ɗaga shi suna sannu. A rana ta uku bai zo ba.

Manzo ya bar shi kwana biyu, sannan ya ɗauki butar shayi ya same shi a ɗaki.

"Yaya Magagi, an yi la'asar ban gan ka ba."

"Ni shekara goma sha biyu ban gan ka ba, ka ji na kai ƙara?"

"Lahiya dai?"

"Gwiwa ce."

"Ta dama ko ta hagu?"

"Wadda ka hi so."

Manzo ya zuba shayi ya sa masa kofi a hannu. Dattijon ya kurɓa har kofin ya ƙare. Sannan Magagi ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Manzo, ni ba ni son a riƙa juya ni awa akuyar da anka kai kasuwa. Ɗakina na san gabas ɗinshi. Ku yi sallarku."

Manzo ya fara gwada igiya. Ya ɗaura ta daga ƙofa zuwa bangon gabas, ƙasa-ƙasa, don ƙafa ta bi. Malam Isufu ne ya fara harɗewa da ita, ya kusa faɗawa kan buta, aka kwance. Bayan kwana biyu, da hantsi, lokacin da ba kowa, Manzo ya ɗebo rairai ƙwarya guda daga tsibin nan, ya barbaɗa siriri daga ƙofa zuwa wurin Magagi. Ya ce bari ya gwada da ƙafarsa tukun. Taku biyu ya yi, na uku ya ji shi a ƙasa, ƙwarya ta yi nata wuri.

Daga tagar arewa muryar Hajiya Husaina ta shigo. "Wa ke kokowa cikin ɗakin Allah?"

"Ni ne, Hajiya. Ba komi."

"Rairai ka zuba bisa karo?"

Manzo ya miƙa hannu ya jawo ƙwaryar.

"Kaɗan ka zuba, shi ya sa. Tambayi mata, mu munka san karo. Rairai kaɗan bisanshi ya hi sabulu santsi. In za a zuba, da yawa aka zubawa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni dai ban ji komi ba, tazbaha nike ja."

Manzo ya zauna a inda ya faɗi, ya daɗe yana tunani. Da yawa na nufin a binne karon gaba ɗaya, sadakar ɗa ga ubansa, wadda shi da bakinsa ya yi wa madalla. Nafi'u ne mai gidan yanzu. In ya ɗauki abin a matsayin raini, kalma ɗaya ta isa, kuma ɗakin gefen zaure ba na Manzo ba ne, gonarsu ta Bonkuku ma tuni 'ya'yan 'yan'uwa suka raba. Ya yi tunanin kiran waya, amma shi bai iya maganar kirki da mutumin da ba ya ganin fuskarsa ba. Ana cikin haka aka yi azahar, wurin Magagi a sahun farko ya sake zama fili.

Washegari da safe ya karɓo buhunan gero marasa komai daga rumbu, ya farke su, ya shimfiɗa bisa karon ɗaya kan ɗaya, don kada rairai ya karce shi. Ya yanko katako ya tokare a bakin ƙofa don ya tare rairai, bai buga ƙusa ba. Sannan ya kama jida da daro. Balkisa ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Yau kuma madallar ce ta ƙare?" Ya ci gaba da jida. Da ta ga daro na goma, ta ɗaura ɗankwali ta ɗauko nata. Kafin azahar tsibin ya ƙare, rairai ya kai zurfin taƙi guda. Manzo ya ja ɗan katakonsa na shafe sawu da baya, ya ja layin sahu biyu, ya danna ƙota ya ja na ukun.

Ya je ɗakin Magagi ya ce, "Taso ka taya ni duba wani abu."

"Ka rasa mai duba maka abu duk Filinge sai ni?"

Amma ya taso. A bakin ƙofar masallaci ya ɗaga ƙafa da tsoro, ya tsallake katakon, ya sauke. Ya tsaya cak. Yatsunsa suka nutse, suka motsa, babban ya sami layi.

A hankali ya ce, "Ɓarawo. Nafi'u ya sani?"

"Allah ya sani."

"Korarka za shi yi."

"Sai ka biyo ni Bonkuku. Can rairai ba ya ƙarewa."

Magagi ya miƙa masa sandar, ya bi layin shi kaɗai har wurinsa.

Aka yi kaka, aka yi sanyi. Ba wanda ya gaya wa Nafi'u, ba kuma wanda ya haɗa baki da wani. Malam Isufu dai ya ce gwiwoyinsa sun gode. Duk ranar da Manzo ya ji ƙarar mota a ƙofar gida, sai ya leƙa ya ga ko Nafi'u ne.

A farkon bazara motar ta zo da gaske. Nafi'u ne da abokan aikinsa biyu, da dardumar da ya yi alkawari a naɗe bisa mota. Ashe tun daga Baleyara yake ba su labarin karon. Sun iso dab da la'asar, suka yi alwala, ya wuce gaba yana cewa su zo su gani. A bakin ƙofa ya tsaya, takalmi a hannu.

Ɗaya daga cikin abokan ya leƙa ta kafaɗarsa ya ce, "Shi ne karon? Kai, wanga mai laushi ne."

Nafi'u bai yi dariya ba. Ya juya yana neman Manzo da ido, sai Malam Isufu ya ce a tada salla. Suka shiga sahu na biyu. Daga nan ne ya ga Magagi ya iso, ya jingine sanda a waje, ya shigo ba mai riƙe da shi, yatsansa cikin layi, ya bi bango, ya karkata, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na kusa da shi.

Bayan sallama baƙin suka fita gindin gawo. Nafi'u ya zauna bai tashi ba.

"Baba Manzo."

"Na'am, Alhaji."

"Ina karona?"

"Shina ƙasa. Ko ɗaya bai hwashe ba."

Manzo ya durƙusa ya tone da hannu, ya ɗaga gefen buhu. Farin karo ya haska, ratsinsa kore kamar ranar da aka sa shi.

"Na tambaye ka, ka ce madalla."

"Na ce."

"To mi ya hana ka gaya mini gaskiya?"

"Gaban mutane ka tambaye ni, Alhaji."

Magagi, da yake jan tazbaha a wurinsa, ya ce, "In kora za ka yi, da ni za ka fara. Ƙahwata ce ba ta iya karanta karonka ba. Sau ɗaya anka juya ni cikin salla, sau ɗaya na zamna bisa gindina gaban baƙi. Kwana tara ina salla ni kaɗai, ga masallacin yayana taku ashirin da ɗakina."

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Ba wanda ya gaya mini, Baba."

Daga taga Hajiya Husaina ta ce, "Kai ma ba ka tambaya ba. Cikin rairan nan ka koyi rarrahe, rabinshi cikin cikinka ya ƙare. Yau kai ne mai tsabta."

"Haba, Inna! Da baƙi hwa."

A gindin gawo baƙin na ta ƙoƙarin danne dariya. Nafi'u ma ya murmusa, amma murmushin bai daɗe ba. Ya ce, "Ni dai so na yi in yi wa marigayi Baba wani abu."

Manzo ya ce, "Ka yi, Alhaji. Da, gara na hitowa ta ƙasa, tururuwa na hitowa, ina toshe nan su ɓulla can. Tun da anka sa karonka ban ga ko ɗaya ba. Shina aikinshi. Mu dai ba mu ganinshi."

Nafi'u ya daɗe yana wasa da rairai a tafin hannu, yana barinsa ya zube ta tsakanin yatsu. Can ya ce "Wash!" ya ɗago yatsa da ƙarangiya maƙale.

"Ga tankaɗenka, Baba Manzo."

Manzo ya karɓa ya duba ta sosai. A karo na farko a ranar ransa ya ɓaci. "Wagga ba tawa ba ce. Daga ƙafar wandon baƙinka ta hwaɗo."

Magagi ya yi dariya har da tari. Nafi'u ya mayar da gefen buhun, ya tura rairai da hannunsa ya rufe ramin, ya lallaɓa saman. Da direba ya leƙo yana tambayar inda za a sauke darduma, ya ce a kai ɗakin Inna.

Magagi ya ƙara shekara huɗu yana bin layinsa. Ya rasu wata kaka, bayan ya yi azahar cikin sahu. Hajiya Husaina ta bi shi bayan shekara biyu.

Manzo yana nan Filinge, a ɗakin gefen zaure na biyu, shi da Balkisa. Ya haura saba'in. Ba ya iya zuwa ƙorama yanzu, Nafi'u ke sa mai amalanke ya ɗebo rairan daga kwanan da Manzo ya nuna, amma tankaɗe shi ke yi, a zaune, sau biyu. Layi uku yake ja har yau, don nasa idon ma ya fara hazo. Karon yana ƙasa, ko ɗaya bai fashe ba.